Nazarin lamari: rautar gida da ke kasa gano sunayen shafuka bayan tarawihi a Makka

Gidan da abin da ke cikinsa

Gida ne mai hawa uku a wata unguwa kusa da Titin Mansur a Makka. Na wani dattijo ne Bahaushe da 'ya'yansa maza biyu da iyalansu, mutum 14 gaba ɗaya. Layin faiba ne ya shigo musu. Akwatin kamfani yana hawan ƙasa, aikinsa miƙa layin kawai. Rautar da suka saya da kuɗinsu, wato na'urar da ke raba intanet a cikin gida, ita ke kiran kamfani ta PPPoE, hanyar shiga layi da suna da kalmar sirri, ita ke raba wa na'urori adireshi ta DHCP, ita ke ba da wayifai. Adireshinta 192.168.1.1. Daga bayanta an ja kebul zuwa hawa na biyu, an maƙala wata tsohuwar rauta don ƙara ƙarfin wayifai a sama.

Na'urorin da ke kan layin su ne waya 17, laftof 3, talabijin 2, firinta 1, na'urar ajiye hotunan kyamarorin ƙofa 1, da akwatin kallo na Android 1 a falon sama. Da tsohuwar rautar sun zama 26. Ranar 1 ga Ramadan 'yan'uwa shida suka sauka daga Kano don umara, da waya takwas a hannunsu, adadin ya koma 34.

Duk na'urar da ta shiga wayifan gidan, rauta tana gaya mata cewa in tana neman adireshin wani shafi ta tambaye ta. Wannan shi ne aikin DNS: waya ba ta zuwa wikipedia.org da suna, sai ta fara aika tambaya ta ƙofa ta 53 a ba ta lambar IP, sannan ta kama hanya. Rautar gida ba ta san amsa da kanta ba. 'Yar aike ce. Tana karɓar tambaya, ta miƙa wa sabar kamfani, wato kwamfutarsu mai ba da amsa, ta jira, ta dawo da amsa, ta ajiye kwafi na ɗan lokaci.

2 zuwa 4 ga Ramadan: yadda abin ya fara

Daren 2 ga wata, bayan an dawo daga tarawihi, ɗaya daga cikin baƙin, wata Hajiya, ta buɗe Nusuk za ta nemi lokacin ziyarar Rauda a Madina. Manhajar ta yi ta juyawa ba ta buɗe ba. A daidai lokacin saƙon murya na WhatsApp yana shigo mata daga gida, tana saurare. Ta miƙa wa babban ɗan gidan wayar ta ce, "Ɗan nan, duba min, ko ni ce ban iya ba." Kafin ya gama dubawa abin ya buɗe da kansa.

Haka ya ci gaba dare uku. Alamomin ba su canza ba: alamar wayifai a cike, bidiyon da aka riga aka fara kallo bai tsaya ba, WhatsApp yana aiki, amma sabon shafi ba ya buɗuwa. Bayan 'yan mintoci komai ya dawo. A laftof, Chrome yana nuna DNS_PROBE_FINISHED_BAD_CONFIG, wani lokaci ERR_NAME_NOT_RESOLVED. Wanda ya kashe wayifai ya koma kan datar layinsa, nan take shafin ke buɗuwa. Da rana babu wanda ya yi kuka. Ƙaramin ɗan gidan kuma ya ce shi wayarsa ba ta taɓa yi ba, aka ɗauka don sabuwa ce.

5 zuwa 8 ga Ramadan: abin da mutanen gida suka gwada

An fara da cire wutar rauta a mayar. Ya yi aiki, amma na minti 10 zuwa 20 kawai.

Ranar 6 ma'aikacin kamfani ya zo da la'asar. Ya auna ƙarfin hasken faiba ya samu -19 dBm, wanda yake cikin iyakar da irin wannan akwati ke aiki, wato tsakanin -8 da -27. Fitilar LOS, mai nuna yankewar hasken faiba, ba ta kunna ja ba. Gwajin gudu ya ba da abin da ake biya. Ya rubuta cewa layi lafiya, ya tafi, kuma gaskiya ya rubuta.

Daga nan zargi ya koma kan yawan jama'a, tun da abin ya zo da zuwan baƙi. Babban ɗan ya ce wa mahaifinsa, "Baba, rautar nan ba za ta ɗauki mutum ashirin ba." Dattijon ya ce ba a hana baƙon Allah wayifai a gidansa, a nemi wata dabara. Sai aka hana yara kallon bidiyo bayan isha'i. Bai canza komai ba. Ranar 7 aka danna maɓallin da ke mayar da rauta yadda ta fito daga kamfani, aka sake shigar da sunan PPPoE da kalmar sirri, aka sabunta manhajar cikinta. Ranar 8 aka fito da ita daga lungun bayan labule saboda zafi, aka mayar da tashar 2.4 GHz daga 6 zuwa 11. Daren nan ma abin ya dawo wajen ƙarfe 11.

9 ga Ramadan: daren awo

Wani ɗan ƙanin dattijon, mai aikin haɗa intanet a ofisoshi a Jidda, ya zo shan ruwa ya kwana. Bai taɓa saitin komai ba. Ya jona laftof da rauta ta kebul, ya kashe wayifan laftof ɗin, don a cire wayifai daga lissafi. Ya buɗe tagogi uku na rubuta umarni a laftof ɗin.

A ta farko ya bar ping -t 8.8.8.8 yana gudu, umarnin da ke ta aika ɗan saƙo zuwa sabar DNS ta Google yana jiran amsa. Wannan yana zuwa da lamba ne kai tsaye, ba ya buƙatar DNS, saboda haka shi ke nuna ko hanyar fita a buɗe take. A ta biyu, kowace daƙiƙa 10, ana aika nslookup, umarnin tambayar DNS, da sunan wani shafi zuwa 192.168.1.1. A ta uku ana aika sunan nan dai zuwa 8.8.8.8. An zaɓi nslookup ne domin ba ya duba ma'ajiyar wucin gadi ta Windows, kai tsaye yake tambayar sabar da aka ambata masa. Sunayen kuma daga jeri ne mai suna 300 mabambanta. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai: da suna ɗaya aka yi ta maimaitawa, rauta za ta riƙa amsawa daga kwafin da ta ajiye, a kwana ana ganin lafiya alhali gidan yana kuka.

An yi awon daga 9:30 na dare zuwa 2:30, tambaya 1,800 a kowane ɓangare. Ping ya rasa 9 kacal cikin kusan 18,000. Tambayoyin da aka aika 8.8.8.8 uku ne suka faɗi. Waɗanda aka aika rauta 212 suka faɗi, yawancinsu da "DNS request timed out. timeout was 2 seconds." Faɗuwar ba a warwatse take ba. Ta zo ne a dunƙule sau bakwai, kowace tsakanin minti 3 zuwa 8, ta farko da ƙarfe 10:47.

A daren aka rufe wasu ƙofofin zargi biyu. An duba tsohuwar rautar sama, DHCP ɗinta a kashe yake, kuma ipconfig /all, umarnin da ke nuna saitin haɗi, a laftof uku ya nuna 192.168.1.1 ne ya ba su adireshi, babu mai raba adireshi na biyu. An gwada girman saƙo da ping -f -l 1464 8.8.8.8 ya wuce, 1465 ya ƙi, wato MTU, iyakar girman saƙo ɗaya a layin, 1492 ne kamar yadda ya dace da PPPoE. An kuma duba wayar ƙaramin ɗan gidan: a wurin Private DNS an rubuta dns.google. Tun Android 9 akwai wannan saiti, kuma idan an sa masa suna wayar tana aika tambayoyinta a rufe ta ƙofa ta 853, ba ta bi ta kan 'yar aiken gida. Shi ya sa tasa ba ta taɓa yi ba.

10 da 11 ga Ramadan: canza sabar DNS

Awon ya nuna matsalar tana tsakanin rauta da inda take kai tambaya, amma bai bambance ko ita ce ko sabar kamfani ba. Ranar 10 aka shiga shafin WAN, inda ake saita haɗin rauta da kamfani, aka cire sabobin kamfani, aka sa 1.1.1.1 ta Cloudflare da 8.8.8.8 ta Google. Daren nan tambaya 187 suka faɗi cikin 1,800. Kusan babu bambanci. Sabar kamfani ta fita daga zargi.

Ranar 11 aka bi ta wata hanyar. A shafin DHCP aka ce rauta ta daina ba da kanta a matsayin DNS, ta riƙa ba na'urori 1.1.1.1 da 8.8.8.8 su tambaya da kansu. Kowa ya kashe wayifai ya kunna don ya karɓi sabon saiti. Kuskuren Chrome ya ragu sosai, amma wani abu ya maye gurbinsa: a waɗancan mintocin shafi yakan tsaya fari na daƙiƙa biyu zuwa biyar kafin ya buɗe. Da aka sake duba ipconfig /all, a saman jerin sabobin DNS akwai adireshin IPv6, sabon tsarin lambobin intanet da ke aiki tare da tsohon, IPv4, kuma na rautar ne. Shafin DHCP na IPv4 kawai ya gyara. Ta ɓangaren IPv6 rauta tana ci gaba da shelanta kanta a cikin sanarwar da take watsawa, na'urori suna fara tambayarta, sai sun gaji da jira su koma kan 1.1.1.1. Wannan rami mutane da yawa suna faɗa masa, musamman yanzu da layukan gida a Saudiyya suke zuwa da IPv6 a kunne.

12 ga Ramadan: littafin rahoton rauta

Ana tsakiyar faɗuwa ta ƙarfe 11:20 aka buɗe shafin System Log. Layi ɗaya ne yake ta maimaituwa: "dnsmasq: Maximum number of concurrent DNS queries reached (max: 150)".

Dnsmasq ƙaramar manhaja ce da Simon Kelley ya rubuta, kuma ita ke aikin DNS da DHCP a cikin rautocin gida masu yawa. Duk tambayar da ta miƙa waje tana buɗe mata gurbi a wani teburi, ta riƙe shi har amsa ta dawo ko lokacin jira ya ƙare. In ba a canza ba, gurabe 150 ne. A gida mai lafiya amsa tana dawowa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, gurbi ya koma fanko, saboda haka ko waya 50 ba sa cika shi. Yana cika ne idan tambayoyi suna shiga da yawa kuma amsarsu ba ta dawowa. Lissafin a fili yake: idan kowace tambaya za ta zauna daƙiƙa 10 tana jira, tambaya 15 a daƙiƙa sun isa su cinye gurabe 150. Da ya cika, wanda ya zo daga baya ko dai a yi masa shiru ko a mayar masa da ƙi, gwargwadon sigar manhajar.

Nan aka fahimci alamomin farko. WhatsApp da bidiyon da ke gudu sun riga sun sami lambobinsu, haɗinsu a buɗe yake, ba sa tambayar kowa. Cire wuta yana share teburin, sai mai cika shi ya sake shiga wayifai ya fara daga farko. Saƙon BAD_CONFIG ma yana faɗin haka tun ranar farko, domin Chrome yana nuna shi ne idan ya gwada DNS ɗin da aka ba na'ura ya ƙi, ya gwada na Google ya amsa.

Saura sanin wa ke cika teburin. Wannan rautar ba ta da wurin kunna log-queries, wanda da ya rubuta kowace tambaya da adireshin mai ita.

13 da 14 ga Ramadan: neman na'urar

An mayar da DHCP yadda yake da, don matsalar ta fito sarai a iya kama ta. An fara da na'urorin da ba waya ba, saboda dalili biyu. Wayoyi tun Android 10 da iOS 14 suna shiga wayifai da adireshin MAC na ƙirƙira, wato lambar da rauta ke gane na'ura da ita, toshe su ta wannan hanya ba ya da tabbas. Sannan ba a son katse baƙi a daren azumi. Tun da tazarar da ke tsakanin faɗuwa biyu ta kai minti 40 a daren awo, aka yanke cewa ba za a wanke na'ura ba sai an yi aƙalla awa ɗaya lafiya.

Daren 13 aka toshe takwas gaba ɗaya: laftof uku na gidan, firinta, talabijin biyu, na'urar kyamara da akwatin kallo. Wayoyi 25 suna kan layi, har da na baƙi. An kwana ba faɗuwa ko ɗaya.

Daren 14 aka saki laftof uku da firinta da ƙarfe 10:30, aka yi awa ɗaya da rabi lafiya. Aka saki na'urar kyamara da talabijin ɗin ƙasa. Na'urar kyamarar ita mai gyaran ya fi zargi, domin tsohuwa ce kuma irinsu sukan yi ta neman sabar da kamfaninsu ya rufe. Awa ɗaya ta wuce lafiya. Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa: da ƙarfe 1:00 aka saki talabijin ɗin sama da akwatin kallo, 1:12 layin nan na 150 ya bayyana. Aka toshe akwatin shi kaɗai, ƙasa da minti ɗaya nslookup ya dawo yana amsawa.

Akwatin ƙarami ne mai launin baƙi, tafin hannu ya rufe shi, babu sunan kamfani a jikinsa sai wata takarda mai lambobi a ƙasa. An saye shi wata takwas da suka wuce saboda yana kawo tashoshin gida da ƙwallo. Yana jone da soket mai makunni a bayan kujera, tare da talabijin da fanka. Matar babban ɗan ta ce, "Ai ni nake kunna soket ɗin in sun dawo daga masallaci, in kashe bayan sahur." Lokacin faɗuwar ke nan daidai.

15 ga Ramadan: abin da akwatin ke aikawa

Don a ga zirga-zirgarsa, an kunna Mobile hotspot a laftof ɗin da ke jone da kebul, aka sa wa laftof ɗin 1.1.1.1 a matsayin DNS don kada gida ya sake tsayawa, aka haɗa akwatin da wannan wayifai. Windows ya ba shi adireshi a jerin 192.168.137. Aka buɗe Wireshark, manhajar da ke nuna duk abin da ke wucewa ta layi, a kan wannan haɗi da matatar dns.flags.response == 0, mai nuna tambayoyi kawai.

Minti 25 na farko tambaya ɗaya ce a 'yan daƙiƙu. Daga nan, ba wanda ya taɓa rimot, suka tashi zuwa 20 har 25 a daƙiƙa, na tsawon minti shida. Duk suna neman sunaye ne a ƙarƙashin yankuna huɗu, kuma kalmar da ke gaban sunan tana canzawa a kowace tambaya, jerin haruffa da lambobi marasa ma'ana. Kowane suna ana tambayarsa sau biyu, A don IPv4 da AAAA don IPv6. Da aka cire matatar aka duba amsoshi, yawanci babu, sauran kuma SERVFAIL ne, wato saba ta kasa samo amsa, da ke zuwa bayan daƙiƙu da dama.

Wannan haɗin shi ne mafi muni ga 'yar aike irin dnsmasq. Da amsar NXDOMAIN ce, wato babu wannan suna, da ta dawo da sauri gurbi ya koma fanko. Shiru da SERVFAIL mai jinkiri su ke riƙe gurbi, kuma ba a ajiye kwafinsu. Sunan da ke canzawa kullum kuma ba ya barin ma'ajiya ta yi amfani.

16 ga Ramadan zuwa bayan Sallah: gyara da bibiya

An cire akwatin daga gidan. A Play Store ɗinsa, wurin da ke nuna shaidar Play Protect, wato amincewar Google da na'ura, ya ce na'urar ba ta da shaida. An canza kalmar sirrin asusun Google da aka taɓa shigarwa a cikinsa, da ta wayifai. An sayi wani mai sunan kamfani da shaida. An mayar da sabobin kamfani a shafin WAN, domin a gwajin ranar suna amsawa cikin milisakan 9 zuwa 12, na waje kuma 35 zuwa 45. IPv6 an bar shi a kunne. Talabijin biyu da sabon akwatin an mayar da su kan wayifan baƙi, wato wayifai na daban da rauta ke warewa, don kada su ga laftof da firinta.

Daren 18 aka maimaita awon sak: tambaya 2 suka faɗi cikin 1,800. Daren 27, da wasu baƙin suka ƙaru na'urori suka kai 41, 4 suka faɗi. Har mako biyu bayan Sallah layin 150 bai sake fitowa a littafin rahoto ba.

Hukunci

Layin faiba, wayifai, zafi, sabar kamfani da yawan baƙi duk ba su da hannu. Na'ura ɗaya ce take cika teburin tambayoyin rauta da sunayen da ba sa samun amsa. Bayanin da ya fi dacewa da abin da Wireshark ya nuna shi ne, wata manhaja ce a cikin akwatin take neman sabobinta. Wata takwas suna amsa mata ba wanda ya ji motsinta, da suka daina sai ta shiga maimaitawa ba ƙaƙƙautawa. Canjin a waje ya faru, zuwan baƙi ya yi karo da shi ne kawai. Tambayar "me ya canza a gida?" tambaya ce mai kyau, amma a nan ita ta ɓatar da mutane kwana bakwai, ta kuma sa aka kusa ɗora wa baƙi laifin da ba nasu ba.

Irin waɗannan akwatuna abin tsoro ne fiye da tsayar da shafi. A Disamba 2024 hukumar tsaron intanet ta Jamus, BSI, ta katse sadarwar na'urori kusan 30,000 da suka fito daga masana'anta ɗauke da muguwar manhajar BADBOX, kuma a Yuni 2025 FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan BADBOX 2.0 a akwatunan kallo da makamantansu. Cire akwatin da canza kalmomin sirri shi ne daidai, ko da bai taɓa tsayar da DNS ba.

Mayar da rauta yadda ta fito daga kamfani a ranar 7 shi ne matakin da ya fi cutarwa, domin ya share rahoton da aka tara, wanda layin 150 yake ciki. Ziyarar ma'aikacin kamfani da la'asar ba za ta taɓa kama abin da ke faruwa bayan tarawihi ba. Raba 1.1.1.1 ta DHCP, da an haɗa shi da gyaran IPv6, zai iya kawar da kukan mutanen gida, amma akwatin zai ci gaba da aikinsa a ɓoye. Ɗaga dns-forward-max, saitin adadin guraben, zuwa 500, a rautar da ke ba da dama, shi ma rufe ciwo ne. Abin da ya raba gardama shi ne tagogi ukun daren 9: ping da lamba, tambaya ga rauta, tambaya ga sabar waje, a lokaci guda kuma a kan kebul.

Rautar har yanzu gurabe 150 gare ta, kuma wayifan baƙi dnsmasq ɗaya yake amfani da shi da na gida, saboda haka wata na'ura mai irin wannan hali za ta iya sake cika teburin. An bar wa babban ɗan gidan jerin sunaye 300 da umarnin awon a laftof ɗinsa, an kuma nuna masa shafin System Log da kalmar "concurrent" da zai nema a ciki kafin ya taɓa wutar rauta.